Sakan ɗaya a tashar wutar Malanville

Duk mai sayar da ƙanƙara ko kifi a kasuwar Malanville ya san asarar da ɗaukewar kuran ke jawowa. Amma ba kowace ɗaukewa ce sakaci ba. Wata ita ce ke ceton taransifoma.

Idan wayoyi suka haɗu, ko iskar damina ta jefa reshe kan layi, wuta mai ninkin ƙarfi ce ke kwararowa. Kayan tasha an ƙera su su jure wannan na sakan 1 zuwa 3 kawai, taransifoma kuwa kamar sakan 2. Don haka dole na'urar kariya ta gano matsalar, makatsi ya yanke layin cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na sakan. In ya makara, zafin ba wasa ba ne: wutar da ta ninka sau biyu, zafinta sau huɗu yake. Sai a wayi gari unguwa na jiran sabon taransifoma daga Kwatano, sama da kilomita 700.

Me ya sa muke maganar yanzu? A 2022 aka ƙaddamar da aikin layin kilobolt 330 na haɗakar wutar Afirka ta Yamma, daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa Malanville. Abin murna ne. Sai dai babban layi yana ƙara ƙarfin wutar da za ta kwararo ranar da aka samu matsala, kuma tsofaffin kayan da aka auna da ƙaramin layi ba lallai su ɗauka ba.

Muna kira ga CEB da SBEE su sake lissafin, su kuma bayyana wa jama'a sakamakon. Wani abin da ake rainawa shi ne batir: da shi makatsi ke aiki, kuma zafin watan Afrilu na nan, da ke haura digiri 40, cin batir yake yi. Yaushe aka gwada su na ƙarshe? Tambaya ce da ya kamata kansilolinmu su kai gaban magajin gari.

Mu ma da namu laifin. Masu ɗaura waya a madadin fis da ya ƙone, a shago ko masallaci, su sani sun cire abin da zai yanke wuta kafin ta kama rufi.