Ra'ayinmu: A Fita da Ɗalibai Su Ga Birninsu

Duk malamin da ya daɗe a wannan aiki ya san lokacin da ziyarar ilimi take cikin lissafin shekarar karatu. Akan ɗauki bas, a kai ɗalibai Kaduna ko Kano ko Jos, su dawo da littafi cike da rubutu da baki cike da labari. A yau yaro kan shiga sakandare ya yi shekara shida ya fita, ba a taɓa fita da shi ƙofar makaranta da sunan darasi ba. Wannan reshe yana ganin lokaci ya yi da za a farfaɗo da wannan al'ada, kuma a fara daga inda ƙafa za ta iya kai mu, wato cikin birnin Zazzau da kewayensa.

Dalilan da suka tsayar da ziyarar ba ɓoyayyu ba ne. Na farko tsaro. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a nan Zariya. A ranar 5 ga Yuli na shekarar aka sace ɗaliban sakandaren Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun, sannan a ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe yaran Kuriga. Uban da ya ji waɗannan labarai ya hana ɗansa hawa babbar hanya, ba wanda zai ga laifinsa. Na biyu tsada. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, hayar bas ta fi ƙarfin yawancin makarantun gwamnati. Na uku shi ne wanda ya fi shafar 'yan ƙungiya, ko da yake ba a cika faɗinsa a fili ba: idan wani abu ya sami yaro a waje, malamin da ya fita da shi ne ake kamawa, shi kaɗai, ba takarda a hannunsa, ba mai tsaya masa. Don haka malamai da yawa suka zaɓi zama cikin aji, kuma ba ragwanci ne ya zaunar da su ba.

Duk waɗannan dalilai sun fi ƙarfi ne a kan doguwar tafiya. Makarantar da ke Kusfa ko Kwarbai ko Kaura ba ta bukatar babbar hanya kafin ta sami abin nuna wa ɗalibanta. Daga Kusfa zuwa Babban Masallacin Juma'a tafiyar ƙafa ce. A can akwai ginin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya hau sarauta a 1834, kuma bakan gizonsa da ginshiƙansa suna nan a cikin sabon ginin da aka lulluɓe su da shi. Malamin lissafi zai iya tsayar da ɗalibansa a ƙarƙashin baka ɗaya ya tambaye su yadda azara da tubali suka ɗauki nauyin rufi ba tare da ƙarfe ba. Malamin tarihi yana da fada, da ganuwa, da Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona da sauransu, ga dutsen Kufena yana kallon birni daga yamma. Darasin tarihi ya yi shekaru a wajen manhaja kafin a dawo da shi, har muka yaye ɗalibai masu ratsa waɗannan ƙofofi kullum ba su san abin da ya sa aka gina su ba. Ganuwar kuwa tana zaizayewa kowace damina, ana kuma yankar ta ana gini. Wanda ba a nuna masa darajarta yana yaro ba, ba zai hana a ɗebi ƙasarta yana babba ba.

A wajen ganuwa ma haka abin yake. A Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Ɗalibin da ke karanta adabin Hausa don jarrabawa ya kamata ya san cewa a garinsu aka buga da yawa daga littattafan da ake tambayarsa a kansu. A Samaru akwai Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, da Cibiyar Binciken Aikin Gona wadda take fitar da ingantaccen irin masara da dawa da wake da iyayen ɗalibanmu suke shukawa. A Shika akwai cibiyar binciken dabbobi. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama kuwa tana nan tun 1964, kuma jiragenta suna shawagi a saman ajujuwanmu. Mutane suna tasowa daga nesa don su ga waɗannan wurare, mu kuma da muke maƙwabtaka da su muna koyar da kimiyya da alli da allo. A makarantar da ɗakin gwaje-gwajenta ba kayan aiki, awa biyu a irin waɗannan cibiyoyi za su nuna wa yaro abin da ya yi zango guda yana haddacewa. Gani ya kori ji.

Unguwar kanta ma aji ce. Kusfa da Kona da Juma sun shahara da zaurukan karatu tun kafin zuwan boko, kuma a gidajensu akwai littattafan da aka rubuta da hannu, na Larabci da na ajami. Akwai masu ɗinkin babbar riga, da magina, da maƙera, da dukawa. Waɗannan mutane iyaye ne da kakannin yaran da ke gabanmu. Ranar da makaranta ta je wurinsu da ladabi ta ce ta zo neman ilimi, ko ta gayyato ɗaya daga cikinsu ya yi wa aji bayani, ranar ce iyaye za su fara ganin makarantar tasu ce. Wanda ya ɗauki makaranta tasa shi ne zai tsawata wa mai satar tagoginta, ya kuma sanar da hukuma idan ya ga baƙuwar fuska tana kewaya ta. Ta nan zumunci da unguwa yake komawa tsaro.

Wasu za su ce manhaja ta yi yawa, jarrabawar WAEC da NECO ba ta jira, ajujuwa kuma sun cika maƙil. Gaskiya ne, shi ya sa ba yawon shan iska muke kira a yi ba. Ziyarar da ta cancanci sunanta tana farawa a aji da tambayoyin da ɗalibai za su nemo amsarsu, tana ƙarewa a aji da rahoton da za a duba a ba da maki cikin gwajin zango. Babban aji kuma a raba shi rukuni-rukuni, kowane rukuni da ranarsa. Wanda ya rubuta rahoton abin da ya gani da idonsa ya koyi insha'i fiye da wanda ya kwafe daga allo.

Saboda haka wannan reshe yana neman abubuwa huɗu. Na ɗaya, Ma'aikatar Ilimi ta fitar da rubutacciyar ƙa'ida a kan fita da ɗalibai: wanda zai ba da izini, yawan yaran da malami ɗaya zai kula da su, da wanda zai ɗauki alhaki idan tsautsayi ya faɗa. Muna shawartar kowane ɗan ƙungiya kada ya fita da yaro ko ɗaya sai da izinin shugaban makaranta a rubuce, da takardar amincewar iyaye. Na biyu, kowace makaranta ta sa ziyara ɗaya a jadawalin kowane zango tun daga farkonsa, ta sanar da mai unguwa da jami'an tsaro kafin ranar. Na uku, kada a mayar da ziyara hanyar karɓar kuɗi. Ta cikin birni ba ta bukatar ko sisi, ta Samaru da Shika kuwa ƙungiyar iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai za su iya ɗaukar nauyinta, don kada ɗan mai hali ya tafi a bar ɗan talaka yana gadin kujeru. Na huɗu, kada a bar 'yan mata a baya. A haɗa su da malamai mata, a kuma gayyaci uwa ɗaya ko biyu su yi rakiya, a dawo kafin la'asar.

Ga iyaye da iyalan 'yan ƙungiya masu karanta wannan shafi, idan takardar neman izini ta iso gida, ku karanta ta, ku tambayi inda za a je da wanda zai raka, sannan ku sa hannu idan kun gamsu. Ga abokan aiki kuma, kowa ya duba darasin da zai koyar a zango mai zuwa, ya zaɓi wuri guda da ya dace da shi, ya je ya gan shi da kansa tukuna, sannan ya kai wa shugaban makarantarsa tsarin a rubuce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma dole wani ya fara sunkuyawa. Reshe zai tattara rahotannin makarantun da suka fita, ya buga su a wannan mujalla, don na baya su koya daga na gaba.

Allah Ya tsare mana yaranmu a cikin aji da wajensa, Ya sa albarka a aikinmu.