Ɓarayin Lambun Buhu a Fagge



Duk wanda ke shiga gidajen Fagge a 'yan shekarun nan ya ga abin da a da ba a saba gani ba. A bayan ɗaki, ko gefen rijiya, ko can saman bene, buhunan siminti ne a jere, cike da ƙasa da taki, wannan tumatir, wancan attaruhu, na kusa da shi alayyahu. In ka tsallaka Sabon Gari sai ka tarar ugu ya bi igiya ya kama baranda, shuwaka kuma tana cikin rabin jarka. Ba sha'awa ce ta kawo haka ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya hau kan kayan miya, a tsakiyar 2024 kuwa tumatir ya yi tsadar da gidaje da yawa suka koma miyar kuka ba don marmari ba. Unguwar da ta faro a matsayin zangon fatake da raƙuma, yau kuma Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari suka kewaye ta, ba ta da filin noma. Buhu shi ne gonar.

Ni ma na bi sahu. Buhu takwas na jera, na yi ta ɗawainiya da su kamar jarirai, har tumatir ya fara ja. Wata safiya na dawo daga masallaci, sai mai ɗakina ta tare ni a tsakar gida, ta ce, "Malam, zo ka ga aikin baƙinka." Manyan 'ya'yan nan guda biyar da nake lissafin tsinkewa ranar Juma'a babu su, ko ɓawo ba a bar mini ba. Buhu biyu an huda su ta ƙasa, saiwa a waje. Nan take na ce kurege ne, domin tun muna yara duk ɓarnar gona shi ake ɗora wa.

Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi shekaru yana lambu a bakin Jakara wajen Kwakwaci, ya shigo ya duba. Bai ce komai ba sai da ya bi gindin katanga da sandarsa, ya tsaya a inda ruwan wanke-wanke ke fita. Ya nuna mini rami, faɗinsa ya kai dunƙulen hannu, da sabuwar ƙasa a bakinsa. Ya ce, "Ɗana, kar ka ɗauki alhakin kurege. Shi da rana yake aikinsa, kuma fili yake so mai yashi, inda zai tone gyaɗa ya tsaya da ƙafa biyu yana kallonka. Me zai kawo shi cikin kwatar Fagge? Wannan gafiya ce."

Darasin farko ke nan, kuma shi muka fi tsallakewa: kafin ka yi hukunci, san ɓarawonka. Kowanne da irin sawunsa. Gafiya dare take bi, ta cusa abin da ta samu a kumatu ta kai rami, shi ya sa ba ka ganin ko saura. Ba banza Bahaushe ya ce gafiya tsira da na bakinki ba. Ɓera kuwa gutsura yake yi nan da can, ya bar maka rabi da kashinsa a gefe. In ka ga farin tabo a ganyen tumatir kamar an ƙwaƙule shi ta ciki, tsutsar nan ce da manoma suka laƙaba wa suna sharon, wadda a 2016 ta cinye gonakin Kadawa da na Kaduna har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Shuka ta bushe a tsaye alhali kana ba ta ruwa, tona gindinta, gara ce. Akuyar maƙwabta ba ta buƙatar bincike, ita da rana tsaka take shigowa, kuma maganinta ƙyaure ne da sakata.

To, ga inda gizo ke saƙa. Da zarar an yi mana ɓarna, ba ma tambayar waye, sai mu tambayi ina mai magani. Shi kuwa ba ya wuyar samu. Kullum yana zagaya layukanmu da baro da 'yar lasifika: maganin ɓera, maganin kyankyaso, maganin kuɗin cizo. A cikin baron akwai shinkafar ɓera ƙulle a leda, akwai fiya-fiya a kwalbar da ba suna, ba kwanan wata, ba bayanin abin da za a yi in yaro ya sha. Mai sayarwa bai san abin da ke ciki ba, mai saye bai tambaya ba.

Na ga ƙarshen wannan a layinmu. Wani bawan Allah ya kwaɓa shinkafar ɓera da kan kifi, ya ajiye a bayan buhunansa. Kafin azahar kajin gidan guda huɗu sun miƙe ƙafa. Washegari aka tsinci magen maƙwabta a bakin kwata, wadda ita ce ma'aikaciyar da ke rage mana ɓerayen kyauta. Ɓeran da ya ci nasa kason kuma ya hau silin ya mutu a can, mako guda ana kwana da wari har sai da aka kira kafinta ya ɓalle. Allah ya taƙaita, yaron gidan mai rarrafe bai kai hannunsa wurin ba. Bayan wata ɗaya ɓeraye suka dawo kamar ba a yi komai ba. Dole su dawo: cikin ɓera mako uku ne kacal, haihuwa ɗaya ta kan kai shida zuwa goma, kuma muddin abinci da mafaka suna nan, in ka kashe goma wasu goma na bakin layi suna jiran gurbi.

Fesa fiya-fiya a kan ganye ya ma fi wannan muni. Sinadarin da ke cikinta, wanda ake kira DDVP, shi ne ke cikin maganin ƙwarin nan Sniper, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan maganin a kantuna da kasuwannin da kowa ke shiga. A kan wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar waken Nijeriya ƙasashenta a 2015. Abin da baƙi suka ƙi karɓa a busasshen wake, shi wasunmu ke fesa wa alayyahun da za a yanka jibi a zuba wa yara a miya. Mutum ya shuka lambu don ya ci mai tsabta, ya ƙare da cin abin da ya fi na kasuwa haɗari.

Abin da dattijon nan ya sa ni na yi ba shi da ban mamaki, sai dai yana da wahala kaɗan. Mun fasa kwalabe, muka cusa a ramin, muka liƙe da siminti. Bakin magudanar ruwa muka sa masa waya mai ƙananan idanu, irin ta kejin kaji amma wadda ɗan yatsa ba ya shiga, domin ƙaramin ɓera ramin da biro zai wuce ya ishe shi. Buhunan muka ɗora a kan bulo, muka janye su daga jikin katanga, muka kewaye su da wayar har ƙasa. Tarkacen katako da tsofaffin tayoyin da na tara shekara da shekaru ina cewa za su yi amfani, ashe masauƙin baƙi na gina. Kwanukan dare kuma aka daina kwana da su ba a wanke ba, dusar kaji ta koma cikin duro mai murfi.

Sai tarko. A nan ma akwai ilimi. Ɓera yana tsoron sabon abu, don haka ranar farko da ta biyu ka sa ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi a kai ba tare da ka ɗana ba, ya ci ya saki jiki. A rana ta uku ka ɗana, a jikin bango, domin shi ba ya ratsa tsakiyar fili. In ya kama, kada ka taɓa gawar da hannu. Sa leda, ka binne ta da zurfi, ka wanke hannu da sabulu.

Ƙwari kuwa maganinsu na tsaye a ƙofar gidajenmu. Darbejiyar nan 'yar asalin Indiya da aka kawo mana zamanin Turawa, a daka 'ya'yanta cikin hannu ɗaya ko biyu, a jiƙa a lita guda ta ruwa ya kwana, a tace, a ɗiga ɗan sabulu, a fesa da yamma har bayan ganye. Ba ta kashewa nan take, hana ƙwaro ci take yi, kuma rana na karya ƙarfinta, saboda haka sai an maimaita duk mako. Toka a gindin shuka tana taimakawa. Gidan sauron da ya yage ya gama aiki yana tare fara da tsuntsaye, amma don Allah wanda ya yage, ba sabon da aka raba don yara su kwana a ciki ba. Barkono da ake ta yabo yana korar ɓera na kwana biyu, in an yi ban ruwa ya wanke. Tsuntsu kuwa ko a jikinsa, ba ya jin yaji sam.

Akwai kuma waɗanda muke kora alhali ma'aikatanmu ne. Ƙadangare ya kan ɗan tsinki sabon tsiro, gaskiya ne, ga shi ya zama na bakin tulu, amma ƙwarin da yake lashewa a yini sun fi ganyen da yake ci. Rufe tsiron har ya yi ƙwari, ka ƙyale shi. Mujiya da yara ke jifa saboda camfi, ɓera ne abincinta. Ita gafiyar ma da nake ta zagi, a Morogoro ta ƙasar Tanzaniya wata ƙungiya mai suna APOPO tana horar da danginta su shinshino nakiyoyin da aka binne da cutar tarin fuka, har ɗaya daga cikinsu, Magawa, ya sami lambar zinare a 2020 saboda aikin da ya yi a Kambodiya. Tamu ta Fagge dai tumatir ta sani.

Sai dai duk wannan dabara ce ta cikin gida, ɓera kuwa ba a cikin gida kaɗai ake haifarsa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Unguwar da ke da rumbunan abinci na Singa a gefe guda, mayanka a ɗaya gefen, ga kwatocin da suka toshe da leda suna gangarawa Jakara, ga bola a bakin layi tana kwana da kwanaki, ta shimfiɗa wa ɓera tabarma. Ka toshe naka ramin, ya koma gidan maƙwabci, ya hayayyafa, ya dawo ta saman katanga. Kuma maganar ta wuce tumatir. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abinci, ya fi tsananta da rani, kuma a watan Janairun 2020 ya kashe likitoci a nan Kano. Ba kowane ɓera ke ɗauke da cutar ba, amma wa zai tsaya tantance su da tsakar dare? Duk abin da aka tsinka a lambu a wanke shi sosai, wanda aka gutsura kuma a zubar, kada a yanke gefe a ce saura na da kyau.

Saboda haka kiranmu ga masu unguwanni da limaman Fagge da shugabannin al'ummomin Sabon Gari shi ne, tsabtar muhallin da ake yi Asabar ɗin ƙarshen wata ta daina zama ranar barcin safe. Layi guda ya fito tare, a yashe kwata, a toshe ramuka, a ɗana tarkuna a mako ɗaya. Hukumar kwashe shara ta REMASAB ta kwashe abin da aka tara a ranar, kada ya kwana ya koma inda ya fito. Shugabannin kasuwanni su dubi bayan rumbunansu. NAFDAC ta waiwayi barorin da ke yawo da guba a cikin unguwa, malaman gona na KNARDA kuma su tuna cewa yanzu akwai manoma a saman bene.

Ke uwargida, kai maigida, in akwai ƙullin shinkafar ɓera ko kwalbar fiya-fiya a ƙarƙashin gado ko bayan randa, a ɗauke ta yau daga inda hannun yaro zai kai. Kuɗin da za a sake ba mai baro, a kai wa mai sayar da waya.