Ƙwayar darma ba ta san ɗan gida ba

Tun daga lokacin da ta'asar ƴan bindiga ta tsallako daga Zamfara da Katsina ta addabi karkarar Madarumfa da Gidan Rumji, zancen ajiye bindiga a gida ya bar bakin mafarauta ya shigo rumfunan kasuwa da ofisoshin ma'aikata. Ɗan kasuwar da ke kwana da kuɗin ciniki a ɗaka ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ba kuwa wanda zai ga laifinsa in ya nemi ruwan shafa wa nasa. Mafi yawan masu wannan tunani bindigar farauta mai lamba 12 suke nufi, tambayarsu kuma guda ce: wane harsashi ya kamata a ɗura mata? Amsar da aka fi ji ita ce mai manyan ƙwayoyi, wanda Faransawa ke kira shebrotin. Kafin mutum ya karɓi wannan shawara, ya dace ya san abin da ke cikin kwanson.

Harsashin bindigar farauta ba ƙwaya ɗaya yake fitarwa ba. Na harbin tsuntsaye yana ɗauke da ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyin darma, kowace faɗinta bai kai milimita 3 ba. Na manyan namun daji kuwa, wanda ya fi shahara yana da ƙwaya 9 a cikin kwanso mai tsawon milimita 70, kowace faɗinta ya ɗara milimita 8, wato kusan kaurin harsashin ƙaramar bindigar hannu, kuma suna fita da gudun kimanin mita 400 a cikin daƙiƙa guda. Akwai matsakaici mai ƙwaya 27, masu faɗin milimita 6. Ƙa'idar ba ta da wuya: gwargwadon girman ƙwaya, gwargwadon yadda take huda abin da ta tarar da kuma nisan da take ci. Babbar ƙwaya da ta kuskure abin da aka auna tana iya wuce mita 500 kafin ta faɗi.

A nan ne mai gida ya kamata ya dubi gidansa, ba bakin mai sayarwa ba. Shawarwarin da ke yawo a intanet daga Amurka suka fito, inda ake raba ɗakuna da katako da allon farar ƙasa. Gidajen Maraɗi da Damagaram da Tawa wani fasali gare su. Katangar laka mai kauri tana tare ƙwaya, amma zana da asabari da ƙyauren kwano ba sa tare komai. Daɓen siminti da ƙofar ƙarfe kuwa suna iya karkatar da ƙwayar ta nufi inda ba a aike ta ba. Wannan hali na shebrotin yana cikin dalilan da suka sa Faransa, tun 1986, ta taƙaita farauta da shi, in ban da wurare ƙalilan irin tsibirin Korsika. Abin da aka yi wa shinge a dajin da ba kowa, yaya zai kasance a tsakar gida lokacin bazara, sa'ad da mata da yara ke shimfiɗa tabarma a waje, almajirai kuma na kwance a zaure?

Akwai kuskure biyu da suka zama ruwan dare. Na farko, cewa bindigar farauta ba ta bukatar saiti, wai ƙwayoyin za su watsu su cika ɗaki. A tazarar mita 5, tarin ƙwayoyin bai cika wuce faɗin tafin hannu ba. Kuskurewa abu ne mai sauƙi, musamman ga mutumin da aka tayar daga barci cikin duhu, jikinsa na rawa. Na biyu, cewa harsashin tsuntsaye na tsoratarwa ne kawai. A kusa, kafin ƙwayoyin su rabu, kisa yake yi. Babu harsashin gargaɗi. Haka kuma, saka kwanso mai milimita 76 a bindigar da aka ƙera wa mai 70, ko ɗura harsashin kamfani a bindiga ƙirar maƙera, yana iya fasa ta a hannun mai ita.

Sai kuma hukuma. A Nijar ba a mallakar bindiga sai da takardar izini daga ma'aikatar cikin gida, kuma tun 1994 ƙasar ke da hukuma ta musamman mai tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Wanda ya sayi harsashi a bayan fage ya riga ya zama mai laifi tun ɓarawo bai zo ba. Doka ta yarda mutum ya kare ransa da na iyalinsa lokacin da haɗari ke gabansa, amma wanda ya harbi mai gudu a baya, ko ya harbi inuwa ta zamo ɗan maƙwabci da ya biyo akuya, jandarma da alƙali ne za su yi masa tambaya.

Saboda haka, wanda ya sami izini, zaɓensa ba ya farawa daga harsashin da ya fi ƙarfi. Yana farawa ne daga sanin wanda ke kwance bayan kowace ƙofa. A gida mai cunkoso, babbar ƙwaya ta fi zama barazana ga iyali. Bindiga ta zauna a kulle, babu harsashi a cikinta, harsashin kuma a wani wuri daban da hannun yaro ba ya kaiwa, nesa da laima da zafin rana. Kada a ja kunama sai an haska fitila an ga fuska.

Ƙofa mai ƙwari, fitila a waje, kare, maƙwabtan da ke amsa kururuwa, da kai kuɗin ciniki banki kafin magariba, duk sun riga bindiga aiki, kuma babu ɗayansu da ya taɓa sa uba ya yi wa ɗansa sutura. Garin neman gira kada a rasa ido. Allah ya tsare.