Bijilanti: Mai Gani Ne Ko Mai Hukunci?

Kalmar bijilanti da ta kama bakin mutanenmu daga Kaura Namoda har Shinkafi da Zurmi aro ce daga Turanci. Turawan ma daga Sifaniyanci suka ɗauko ta, tushenta kuwa Latin ne, inda take nufin wanda ke farke alhali gari na barci. Aikinsa ya gani, ya yi ƙara, ya tada jama'a. Na duba ma'anar nan ciki da bai, ban ga wuƙa a cikinta ba.

Mu kuwa mun ɗora mata kayan da ba nata ba. Lokacin da 'yan sa-kai suka fara tare makiyayi a kasuwa su yanke masa hukunci nan take, gadi ya koma ramuwa, dajin kuma ya rama a kan ƙauyen da bai ji ba bai gani ba.

Ba na raina mai kwana a bakin gari da bindigar toka. Barcinmu bashinsa ne. Amma Askarawan da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024, in sun kama mutum a hanyar Zurmi, gaban alƙali za su kai shi, ko bayan gari?