Ido Mai Cike Gurbi

Ku dubi wannan jimla: "Yara sun tfai mkaaranta da sfae." Mun san kun karanta ta ba tare da tuntuɓe ba, alhali kalmomi uku a cikinta a hargitse suke. Dalili shi ne, idon wanda ya saba da karatu ba ya bin haruffa ɗaya bayan ɗaya. Yakan ɗauki kalma dunƙule, hankali kuma ya cike abin da ya ɓace daga ma'anar zancen.

Wani mai suna Graham Rawlinson ya yi bincike a kan haka a Jami'ar Nottingham ta Ingila a 1976. A 2003 wani saƙo ya bazu a intanet yana cewa jerin haruffa ba shi da wani muhimmanci, muddin na farko da na ƙarshe suna wurinsu. Wannan zuzutawa ce. Keith Rayner da abokansa sun nuna a 2006 cewa irin wannan hargitsi yana rage saurin karatu da kusan kashi 11 cikin 100.

A Larabci lamarin ya fi tsanani, domin ma'ana tana rataye ne a kan jerin baƙaƙen tushe. Ainu, lamu, mimu, ilimi ke nan. Sauya wurin biyun ƙarshe, ya koma aiki. Ba banza ba malaman allo suke tsayar da yaro a babbaƙu, sannan farfaru, kafin su bar shi ya yi gudu.

Mu a nan Mahdiya, cikin Sabha, muna da namu tarkon. Littattafan da iyayenmu suka zo da su daga Kano ko Damagaram rubutun Magariba ne: fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf tana da ɗaya a sama. A makarantun Libiya kuwa, ɗigo ɗaya a sama fa ce, ƙaf biyu gare ta. Dattijon da ya haddace zai wuce lafiya, saboda abin yana zuciyarsa. Yaron da bai haddace ba zai ga ƙaf ta kakansa ya kira ta fa, ya maida "ƙalbu" "falbu", kuma da gaba gaɗi, don idonsa ya riga ya yanke hukunci.

Sau da yawa mukan ɗauka wasa ne ko taurin kai, har a kai ga bulala. Kafin haka, a ajiye masa littafin gida da na makaranta gefe da gefe, a nuna masa haruffan nan biyu da yatsa, a sa shi ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, a hankali.