Kaluluwar Da Ba Ta Ciwo: Ina Masu Ita Za Su Sami Hoto A Gabashin Sakkwato?

Sanin kowa ne cewa manomin albasa a fadamar Wurno ko Goronyo ba ya barin gonarsa saboda kumburin da ba ya ciwo. Ga shi kuwa akwai wani irin ciwon daji na kaluluwa, wanda likitoci ke kira limfoma, da yakan fara da haka: ƙullutu a wuya, ko hammata, ko matsematsi, yana girma sannu a hankali har shekaru. Ya sha bamban da wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda cikin 1958, mai kumbura muƙamuƙin yara cikin 'yan makonni. Wancan yakan firgita iyaye su garzaya asibiti. Wannan kuwa sai a kai shi wurin wanzami, ko a ɗauke shi tarin fuka, domin shi ma yakan kumbura kaluluwar wuya.

Hoto kaɗai ba ya tabbatar da cutar. Tilas a yanki tsokar a duba ta da madubin likita. Aikin hoto shi ne nuna iyakar yaɗuwarta, musamman a ƙirji da ciki da saifa, inda hannun likita ba ya kaiwa. Ƙa'idar da masana suka fitar a 2014, mai ɗauke da sunan garin Lugano, ta fifita na'urar PET-CT ga yawancin ire-iren cutar. Sai a 2021 aka buɗe irinta ta farko a Nijeriya, a Legas. Sinadarin da ake yi wa majinyaci allurarsa kuwa yakan rasa rabin ƙarfinsa cikin minti 110, don haka ba kaya ne da za a yi ta safararsa zuwa nesa ba.

Amma kuskure ne mahukunta su ɗauka cewa sai an sami wannan na'ura za a yi wani abu. Sau da yawa mai irin wannan cuta ba a fara masa magani nan take. Akan sa masa ido ne, ya riƙa dawowa bayan 'yan watanni. A nan ne gizo ke saƙa. Mutumin Rabah da aka ce ya je gida ba tare da ƙwaya ko allura ba, zai ɗauka ya warke, ko kuma likita ya gaza. Ga kuɗin mota zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga fargabar 'yan bindiga a hanya tun kafin harin kasuwar Goronyo na 2021.

Abin da ya kamaci Ma'aikatar Lafiya ta Jiha bai fi ƙarfinta ba: na'urar duban ciki mai aiki da amon sauti a manyan asibitocin ƙananan hukumomin uku, da ma'aikacin da ya iya auna kaluluwa da saifa da ita, da kundin da za a riƙa rubuta awon kowane zuwa. Ita wannan na'ura ba ta da tururin da ke cutar da jiki, ƙananan cikinta kuma batir ya ishe su. In awo ya nuna canji, sai a tura majinyaci Sakkwato da takardarsa a hannu, a ɗauki hoton CT.