Wasiƙa Zuwa ga Makanikai a Kan Motar da Ke Ƙin Tashi Idan Ta Ɗauki Zafi

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga iyayen gidan gareji da yaran da ke koyo a ƙarƙashinsu, musamman waɗanda har yau ba su juya wa tsofaffin motoci masu kafireto baya ba, ina neman ku ba ni aron hankalinku a kan wata mas'ala wadda kowannenku ya sha karo da ita, alhali kuwa kaɗan ne suka tsaya suka bi diddiginta. Ita ce mas'alar motar da takan tashi da asuba da bugu ɗaya, ta yi tafiya mai nisa lafiya lau, amma da zarar mai ita ya tsaya sallar Azahar ya kashe ta na ɗan lokaci, sai ya dawo ya yi ta murza makulli har batir ya gaji, ba za ta amsa ba sai ta huce don kanta.

Motocin da nake nufi kun san su sarai: Peugeot 404 wadda ta fito a 1960, da 504 wadda ta biyo ta a 1968 aka kuma yi shekaru ana haɗa ta a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, da Volkswagen Beetle, da tsohuwar Land Rover mai shan fetur. An zana su ne a Faransa da Jamus da Ingila, inda babban abin tsoro shi ne sanyi, don haka da gangan masu ƙira suka shirya hanyar ɗumama manifol da iskar da ke shiga kafireto. Mu kuwa muna tuƙa su a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa.

Asalin illar yana cikin ɗabi'ar fetur. Ruwa ba ya tafasa sai a digiri 100, amma fetur gauraye ne na sassa dabam-dabam, mafi sauƙinsu kuwa sukan fara zama tururi tun ƙasa da digiri 40. Muddin inji yana aiki, fanka na kaɗa iska, ruwa na zagayawa, sabon mai mai sanyi na shigowa daga tanki, to, kafireto yana cikin aminci. Amma a daƙiƙar da aka kashe makulli duk waɗannan sukan tsaya lokaci guda, zafin da ke ƙunshe cikin ƙarfen inji da bututun hayaƙi ya rasa mafita, sai ya hau sama ya taru ƙarƙashin bonet, kamar yadda tukunyar ƙasa ke ci gaba da ɓararraka bayan an sauke ta daga murhu. Shi ya sa kafireto ya fi zafi minti goma ko ashirin bayan tsayawa fiye da lokacin da ake gudu.

Daga nan sai al'amarin ya rabu biyu, a nan ne kuma nake roƙonku ku natsu, domin alamar a waje ɗaya ce, alhali cutar biyu ce masu kishiyantar juna. Ta farko, man da ke cikin kofin kafireto ya tafasa ya tumbatsa cikin manifol, inji ya shaƙe da mai, fulogi ya jiƙe. Ta biyu, mai ya zama tururi cikin bututu ko cikin famfon mai, shi kuwa famfon da ke jikin inji tsotso yake yi daga tanki, ba ya kuma iya tura tururi, sai kofi ya bushe inji ya rasa abin ƙonawa. Wanda ya zuba fetur a bakin kafireton da ya riga ya shaƙe ya ƙara wa cuta ƙarfi, wanda kuma ya rage mai ga injin da ke jin yunwa ya jawo masa ƙarin zafi.

Saboda haka sharaɗi na farko shi ne a gwada motar tana da zafi. Abin da nake gani yana damuna shi ne a kawo mota da yamma, ta kwana, da safe yaro ya buga ta tashi, a wanke kafireto, a sauya fulogi, a karɓi kuɗi, alhali ba wanda ya ga cutar da idonsa. Wannan aiki ne bisa zato, dukiyar mutane kuwa amana ce da ba ta halatta a taɓa sai da yaƙini. Ku zagaya da ita har ta ɗauki zafi, ku kashe, ku jira kwatan awa, sa'an nan ku cire tukunyar iska ku leƙa, inji yana kashe. In kun ga mai na ɗiga ko farin tururi na tashi da wari mai ƙarfi, shaƙewa ce. In kun ja totur da hannu sau ɗaya ba ku ga mai ya tsartu ba, kofi ya bushe. Kada kowa ya kai fuskarsa wurin yayin da ake murza makulli, domin wuta takan dawo ta baki. In kuwa mai yana nan daidai, ku duba wuta, gama kwil da kondansa sukan raunana da zafi su farfaɗo da sanyi. In sitata ce ke juyawa da nauyi, ku nemi laifin a wayoyinta ko a tayimin da ya yi gaba.

Game da magani, mafi yawansa mayar da abin da aka cire ne. Tsakanin kafireto da manifol masu ƙira sukan sa wani faifai mai kauri na irin robar nan mai tauri da ba ta ɗaukar zafi, wadda Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907. Sau da yawa yakan tsage, sai a jefar da shi a yanka kwali a maye gurbinsa, ƙarfe ya kusanci ƙarfe, zafi ya sami gada. Haka farantin da ke kare kafireto daga bututun hayaƙi, wanda Land Rover ta fi kowa bukata tun da kafiretonta a saman bututun yake zaune. Ita Beetle, da yake iska ce ke sanyaya ta, kowane gwangwani da ke kewaye da injinta da robar da ke toshe gefensa suna da aiki, in aka bar ɗaya a ƙasa sai ta riƙa shaƙar zafin da ta fitar. Motar da ke da maɓallin rani da hunturu a tukunyar iska, a bar shi a kan rani. A daidaita tsayin fulot bisa ƙa'idar littafin motar, a sauya allurar da ba ta rufewa, a janye bututun mai daga jikin salansa, a kuma gyara tayimin da ya yi baya, domin shi ma yana gasa bututun hayaƙi.

Tsumma mai ruwa a kan famfon mai dabara ce ta kan hanya, ba na kuma raina ta, tana kai matafiyi gida. Amma hujja ce a kan cuta, ba waraka ba ce. Idan duk abin da na ambata ya kammala cutar ba ta tafi ba, sai a sa bututun da ke mayar da rarar mai tanki domin mai ya riƙa zagayawa, ko famfon lantarki kusa da tanki, ƙasa-ƙasa, inda zai tura maimakon tsotso. Sai dai a kiyaye ƙwarai kada a ɗauko famfon motar injekta, wanda matsinsa ya ninka abin da allurar kafireto ke iya riƙewa wajen sau goma, a kuma haɗa wayarsa yadda zai tsaya in inji ya mutu, saboda gobara.

Daga ƙarshe, kada mai mota ya bar garejinku sai kun koya masa yadda ake tayar da injin da ya shaƙe: ya taka totur a hankali har ƙasa sau ɗaya, ya riƙe shi a nan, kada ya yi ta bugunsa domin kowane bugu ƙarin mai ne, kada ya ja cok, sa'an nan ya murza makulli na 'yan daƙiƙu, ya saki totur da zarar ta kama. In ya sami inuwa ya ajiye ta a ciki, in kuma tsayuwar gajera ce bayan doguwar tafiya, ya bar ta ta yi silo na minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe, ya ɗan ɗaga bonet.

Allah ya sa albarka a sana'arku, ya kiyaye hannuwanku.